Zama ba mai mulki: tarbiyyar rai ce ko ƙofar fitina?

Sali_Garwa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masu ilimin abin su duba mana. Akwai aƙidar da ake kira anarshizim, mai cewa jama'a na iya tafiyar da lamuransu ba tare da wani a sama yana tilasta musu ba. Abin da na fahimta, in an ware hayaniyar siyasa gefe, wannan tarbiyyar rai ce tsantsa. Wanda ba jandarma a bayansa, dole zuciyarsa ta zama jandarmansa, kuma dole ya riƙe maƙwabcinsa tunda ba ofishin da zai tura shi. Shin haka ne? In kuwa haka ne, yaya ake gudanar da famfon unguwa ko asusu a kan wannan tsari ba tare da ya watse ba? Bayani dalla-dalla nake so, ba kirari ba.

Abakar_Njamena
Wa alaikumus salam. Malam Sali, kafin a yi nisa, garin nan namu na Njamena ya taɓa ganin zama ba hukuma. Fabrairun 1979 aka fara ɓarin wuta tsakanin dakarun firaminista Habre da na shugaban ƙasa Malum, a 1980 kuma aka kwashe wata tara ana gwabzawa, jama'a suka tsallake kogi suka cika Kusiri ta Kamaru. Ba wanda zuciyarsa ta zama jandarma a lokacin. Mai bindiga shi ne sarkin kowace unguwa.

Modibbo_Hamadu
Alhaji Abakar, abin da ka kawo gaskiya ne, amma ba shi ake nufi ba. Njamena a 1979 ba rashin masu mulki ta yi ba, yawansu ne ya yi mata yawa. Yarjejeniyar Legas ta Agustan shekarar, ɓangarori 11 ne suka sa mata hannu, kowanne yana neman kujera.

Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta "babu mai mulki". Larabawa na fassara ta iri biyu: faudawiyya, daga fauda wato hargitsi, da lasulɗawiyya, wato rashin sulɗa. Ta biyun ce ta yi daidai da abin da masu aƙidar ke nufi. Bafaranshe Proudhon ne ya fara kiran kansa da sunan a 1840. Kropotkin, ɗan Rasha, a littafinsa na 1902 ya kafa hujja cewa taimakon juna na raya halittu da al'umma kamar yadda gasa ke yi, ko ma fiye. Suna ƙin mai mulki, ba sa ƙin tsari.

Sai dai Malam Sali, ka yi wa aƙidar kwalliyar da ba duka tata ba ce. Galibin jagororinta masu adawa da addini ne ƙiri-ƙiri, Bakunin ɗan Rasha a gaba. A yaƙin basasar Sifen da ya soma a 1936 an kashe limaman coci da masu zaman zuhudu fiye da 6,000, kuma 'yan wannan aƙida na da hannu dumu-dumu a ciki. Reshen da ya ɗauke ta a matsayin hanyar ruhi ƙarami ne.

Pol_Kaele
Ƙarami ne, Modibbo, amma shi ya fi barin sawu. Tolstoy, marubucin Rasha, ya gina nasa a kan Linjilar Matiyu sura 5, ya fitar da dokoki biyar: kada ka yi fushi, kada ka bi sha'awa, kada ka yi rantsuwa, kada ka rama mugunta da ƙarfi, ka ƙaunaci maƙiyinka. Ta uku da ta huɗu su ne suka raba shi da gwamnati, domin soja rantsuwar biyayya yake yi, kotu kuwa da ƙarfi take zartar da hukunci. Cocin Rasha ya fitar da shi a 1901. Gandhi ya yi musayar wasiƙu da shi a 1909 da 1910, har ya sa wa gonarsa ta kusa da Johannasbag sunansa. A Amurka, Dorothy Day da Peter Maurin sun fara gidajen saukar mabuƙata a 1933, kowane gida na cin gashin kansa, har yau akwai su.

Amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Mabiyan Tolstoy sun kafa ƙauyuka a Ingila. Na Purleigh, da aka kafa a 1896, bai yi shekara biyar ba ya watse. Na Whiteway, 1898, sun ƙone takardar filin don kada a ce na wani ne, suka ce kowa ya ci daga tukunya ɗaya. Masu ci suka fi masu noma yawa, cikin 'yan shekaru aka koma kowa da fegensa, ƙasar kawai ta zama ta kowa. Da wannan gyaran ne ƙauyen ya rayu. Kyakkyawar niyya ba ta shuka dawa.

Ustaz_Mahamat_Kusiri
Musulmi dai yana da mizani. Jumhurin malamai sun tafi a kan naɗa shugaba wajibi ne. Mawardi da ya kawo ijma'in ya ce ba wanda ya fita sai Al-Asamm, wani Mu'utazili na Basra. Ibn Khaldun ma ya ambace shi tare da wasu Khawarijawa. Hujjarsu ita ce in mutane suka yi adalci tsakaninsu suka tsai da shari'a, ba su buƙatar imami. Matsalar tana cikin "in" ɗin nan. Ga Nisa'i aya ta 59 kan ɗa'a ga ma'abota al'amari, ga hadisin Abu Dawuda cewa in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Mutum uku fa, ba gari ba.

Modibbo_Hamadu
Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. A matakin ƙasa ban ja da kai ba. Amma dubi amirin tafiyar nan da kyau: abokan tafiya ne suka zaɓe shi, ikonsa bai wuce sha'anin tafiyar ba, ana sauka ya ƙare, ba ya gadar wa ɗansa, ba shi da dogari. Wannan kusan shi ne abin da masu aƙidar ke kira wakili: an aike ka da saƙo takamaimai, ana iya janye ka gobe. Sannan ga Shura aya ta 38, ga kuma ƙa'idar babu ɗa'a ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. A matakin unguwa da rijiya da asusu, filin haɗuwa yana da faɗi.

Hajiya_Dudu_Marwa
Ku malamai kun tafi sama, bari in sauko da ku kan tabarma. Tsarin da aka gwada ya yi aiki shi ne na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maradi a 1991, yanzu ya bazu har nan. Ba banki, ba hukuma, amma dokokinsa sun fi na banki tsauri.

Mutum 15 zuwa 25, su suke zaɓar junansu. Ƙasa da haka kuɗin ba ya taruwa, sama da 30 ba a sanin halin kowa. Ana zama kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ana yanka kuɗin hannu ɗaya, a ce sefa 500, kowa na iya zuba hannu ɗaya zuwa biyar, ba a wuce biyar don kada mai kuɗi ta mallake ƙungiya. Kowane hannu tambari ɗaya ne a ɗan littafinta, don haka wadda ba ta yi boko ba ma tana ƙirga nata.

Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Makullan na hannun mutum uku da ba sa cikin kwamiti, akwatin kuma yana kwana gidan ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Kwamiti mutum biyar: shugaba, mai rubutu, mai ajiyar akwati, masu ƙirga biyu, kuma ana sake zaɓe duk zagaye. Ba a buɗe akwati sai a gaban kowa. Kafin a tashi a faɗi abin da ya rage da ƙarfi, mako mai zuwa a tambayi jama'a nawa aka bari kafin a buɗe. Bashi ba ya wuce ninki uku na abin da mutum ya zuba, ba ya wuce wata uku. Kuɗin jaje, na rashin lafiya da rasuwa, jakarsa daban, ba a ranta shi. Bayan wata 9 zuwa 12 a raba komai gwargwadon tambarin kowa, a sake sabon lale.

Inda yake lalacewa: makulli biyu su koma hannun 'yan gida ɗaya, ko a ba da bashi a ɗaki ba a zaure ba, ko mace ta karɓo wa mijinta bashi da sunanta, ko a ɗage ranar rabo. Akwai kuma haɗarin ƙarshen zagaye. Mata 20, kowa hannu uku a mako, sefa 30,000 ke nan, a mako 40 ya zama 1,200,000. Lokacin da aka daina ba da bashi ana tattarawa, duk kuɗin nan na cikin akwati a ɗakin mutum ɗaya. A taƙaita wannan lokacin, kada kuma ranar rabo ta zama labarin kasuwa.

Ustaz_Mahamat_Kusiri
Hajiya, tsarin ya yi, amma ƙarin da ake ɗorawa kan bashin riba ce, ko da a ƙarshe ku za ku raba. Mafita ita ce murabaha. Mai son jarin gyaɗa, ƙungiya ta sayi buhun da kuɗinta, ya shiga hannunta tukuna, sannan ta sayar mata. An saya 20,000, an sayar 22,000 zuwa wata uku, farashi ya tsaya ko ta makara. Tarar jinkiri, malaman zamani da suka yarda da ita sun ce a sadakar, kada ta shiga riba.

Dan_Fitowa
Duk na ji. To wa zai kama ɓarawon? Ko shi ma sai an yi shawara da shi? 😂

Yaya_Umaru_Gidar
Dan_Fitowa, dariya kake amma tambayarka ita ce ƙashin bayan zancen. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta bi diddigin makiyaya da masunta da masu noman rani da suka riƙe dukiyar tarayya ɗaruruwan shekaru ba gwamnati ba ɗan kasuwa. Ita ba 'yar wannan aƙida ba ce, amma ta fitar da sharuɗɗa takwas. Waɗanda suka fi shafarmu: a san iyakar waɗanda ke da haƙƙi, masu amfani su ke sa doka da gyara ta, masu sa ido daga cikinsu suke, hukunci hawa-hawa ne, sasanci na kusa kuma ba tsada, sannan hukuma ta amince da ikonsu na tsara kansu.

Hawa-hawa yana nufin karon farko mutum biyu su same shi a keɓe. Na biyu a faɗa a taro, tara 'yar kaɗan. Na uku tara ta ninka. Na huɗu a dakatar da shi na ɗan lokaci sananne, da ƙofar dawowa a buɗe. In hukuncin farko ya yi tsanani ba wanda zai kai ƙarar ɗan'uwansa, sai kowa ya yi gum, doka ta mutu. In kuwa ba hukunci sam, masu biya su ga an mai da su wawaye su daina. Sata babba da jini kuwa sun fi ƙarfin taron unguwa, wannan na masu sarauta ne, jauro da lawan, ko jandarmeri.

Bello_Makanike
Tunda an ambaci famfo. Mafi yawan famfunan da ke tsaye a ƙauyuka ba rijiyar ce ta ƙafe ba, abin sefa kaɗan ne ya ci aka rasa mai saye. A famfon hannu samfurin India Mark II, abin da ke saurin ci: robobin fistan, bawul na ƙasa, sarƙa, da boris na hannu. A Vergnet mai takawa da ƙafa, zobban fistan na sama ne ke fara ci, jakar roba ta ƙasa ta fi daɗewa amma ta fi tsada.

Gwaji biyu da yaro ma zai iya. Da asuba kafin kowa ya taɓa, a ƙirga bugu nawa kafin ruwa ya zo. In kullum ƙaruwa yake, bawul ko mahaɗin bututu na yoyo. Na biyu, bugu 40 cikakku cikin minti ɗaya a bokiti: India mai lafiya na ba da lita 12 zuwa 15. Ya faɗi ƙasa da 10, robobi sun ci. Sarƙa a shafa mata giris duk wata, a ɗaure notuna. In ruwa na fitowa ja da safe, bututun ƙarfe ne ke tsatsa saboda ruwan wurin na da tsami, maganinsa a sauya da bututun roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ba a yi ta canza irin na da ba.

Kuɗi kuwa, kada a jira ya lalace sannan a bi gida-gida, ranar kowa ba shi da ko dala. Gida 60, sefa 500 a wata, 30,000 ke nan. A raba uku: ladan mai tsaro, gyaran yau da kullum, da ajiyar babban gyara wadda ba a taɓawa ko don biki ko don rasuwa. A rubuta shiga da fita a allo a jikin katangar famfon. Gwauraye da tsofaffi da za a yafe wa, a ambace su a taro tun farko, kada ya zama alfarmar mai tsaro.

Asta_Ngaundare
Kowa na cewa "a taro", kamar taro ba shi da sarakunansa. Dokin mai baki ya fi gudu. Ba'amurkiya Jo Freeman ta yi rubutu kan wannan a farkon shekarun 1970: ƙungiyar da ta ce ba ta da shugaba tana da shi, sai dai ɓoyayye ne, ba a zaɓe shi ba, don haka ba a iya sauke shi. A wajenmu shi ne mai kuɗin unguwa, ko wanda ya fi kowa Faransanci.

Ga yadda ake rage abin. Mai jan taro ya riƙa sauyawa, kuma ranar da yake ja ba ya kare ra'ayi. A faɗi batun, a yi tambayoyin fahimta kawai, sannan a zagaya kowa ya yi magana sau ɗaya kafin wani ya yi ta biyu. A fara daga ƙanana, domin in dattijo ya riga ya furta, ba yaron da zai saɓa. In an tsara shawara, matsayi huɗu ne: na yarda, ina da ja amma a tafi, na janye (wato ba zan yi ba kuma ba zan hana ba), na hana. Hanawa sai da hujjar cewa abin ya saɓa wa tushen ƙungiya, ba don bai yi maka daɗi ba. In an zauna sau biyu ba a daidaita ba, a koma ƙuri'a mai rinjaye babba, kamar kashi uku cikin huɗu, kuma a rubuta wannan tun ranar kafuwa. Inda mata ba sa buɗe baki gaban surukai, su yi nasu zaman, su aiko wakilai biyu da matsayarsu. Su ke ɗiban ruwan, su suka fi sanin ranar da famfo ya fara nauyi.

Sali_Garwa
Na gode ƙwarai. Amma kun cika ni da kwaɗo da allo da tara. Ina ruhin? In sai da makulli uku, ashe ba a yarda da zuciyar kowa ba.

Malam_Tijjani_Yagwa
Malam Sali, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan rubuta bashi take, kuma muminai aka yi wa umarnin. Makulli uku kariya ce ga mai amana daga zargi da kuma waswasin ransa.

Aikin zuciyar kuwa yana da matakai, Imam Gazali ya jera shida a Ihya, ya kwatanta rai da abokin kasuwanci. Musharaɗa: bayan asuba ka gindaya wa ranka sharuɗɗan yini. Muraƙaba: ka sa masa ido lokacin aiki, kafin ka motsa ka tambaya don wa. Muhasaba: da dare ka zauna lissafi, farilla uwar kuɗi, nafila riba, saɓo hasara. Mu'aƙaba: ka hora shi a kan abin da ya ci. Mujahada: ka tilasta masa abin da yake wa nawa. Mu'ataba: ka riƙa yi masa faɗa. Inda mutane ke faɗuwa shi ne sharaɗin safe ya zama na gaba ɗaya, "yau zan zama nagari". Wannan ba ya lissaftuwa. A ce "yau zan kai kuɗin famfo kafin azahar, ba zan katse kowa a taro ba", da dare amsar e ce ko a'a.

Gazalin nan ya yi alwashi a kabarin Annabi Ibrahim cewa ba zai ƙara zuwa fadar sarki ko karɓar kuɗinsa ba. Amma bai taɓa cewa a zauna ba sarki ba, ya ma fi tsoron fitina a kan zalunci. Kuma ɗariƙa da kanta cewa take muridi ya zama kamar gawa a hannun mai wanka. Ban ga yadda wannan zai shiga buhu ɗaya da "ba mai mulki" ba.

Modibbo_Hamadu
Wasu sun haɗa. Isabelle Eberhardt, wadda ta tashi a hannun ɗan wannan aƙida a Janeba, ta musulunta ta shiga Ƙadiriyya a Aljeriya, ta rasu a ambaliyar Ain Safra a 1904. Ivan Aguéli, mai zane ɗan Suwidin, ɗan aƙidar ne kuma Bashazile. Bakunin kansa ya ce a sha'anin takalmi yana komawa ga baduku, amma baduku ba zai tilasta masa ba. Shehi kai ka je da ƙafarka, ba shi da kurkuku. Sai dai na yarda da kai rabi, Malam Tijjani: ranar da barin shehi ya zama yana jawo wa mutum rasa abokan ciniki da auren 'yarsa, to ya zama mulki ko ba dogari.

Buba_Mindif
Fulani na da haɓɓanaye tun kafin a haifi Proudhon. Wanda dabbobinsa suka ƙare, a ba shi aron karsana, ya sha nono, ta haihu, 'ya'yan nasa, uwar ta koma ga mai ita. A wajen Woɗaaɓe har haihuwa uku ake jira. Ba takarda, kunya ce ke riƙe da shi. Gayya ma haka, surga a Fulatanci: mai gona ya ciyar, ranar taka kai ma a zo. Abin da ke kashe gayya shi ne mai hali ya fara aiko ɗan ƙodago a madadinsa. Daga nan ta zama haya.

Abakar_Njamena
Duk misalanku na mutanen da suka san juna ne, kunya na aiki. Ku kawo mini inda al'umma biyu ke son ruwa ɗaya. Logon-Birni ta arewacin Kamaru, Agusta da Disambar 2021, rikicin masunta da makiyaya kan ruwa ya kai har Kusiri, dubun-dubatar mutane suka tsallako Chadi. Kowane ɓangare na da haɗin kai da taimakon juna a cikinsa, shi ya sa ma abin ya yi muni. Haka 'yan sa-kai masu gadin ƙauyuka: sun tare hare-hare da yawa, amma wa ke tsare jama'a daga mai tsaro in ya fara karɓar na goro a shinge?

Yaya_Umaru_Gidar
Alhaji, nan ne aƙidar ta fi rauni, ba musu. Amsarsu ita ce tarayya hawa-hawa: kowane ɓangare ya aiko wakilai, a shata burtali da mashaya da lokacin buɗe magudanan kifi tun kafin ruwa ya janye, a sake zama duk shekara don ruwan bana ba na bara ba ne. Sharaɗin Ostrom na takwas ke nan. Yana aiki kafin a zub da jini. Bayan an zubar, ban ga abin da ke raba faɗa ba sai mai ƙarfin da ya fi duka biyun.

Maitre_Sadu
Ƙarin bayani ga mai son kafawa a Kamaru. Ƙungiya na ƙarƙashin dokar 19 ga Disamba 1990: a kai sanarwa ofishin firefe, wato shugaban yanki na gwamnati, da kwafi biyu na tsarin mulkinta da sunayen jagorori, in ya yi shiru wata biyu an ɗauka ya amince. GIC, wato ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwar sana'a, dokar 1992 ce, mutum biyar sun isa. Kofaratif kuwa dokar OHADA (tsarin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka) ta 2010, wadda ta shafi Chadi ma. Ba rajista ba asusun banki da sunan ƙungiya, sai a sa kuɗi da sunan mutum ɗaya, ranar da ya rasu magada su ce na babansu ne. Ku rubuta wa'adin shugabanni da hanyar sauke su a cikin takardar.

Dan_Fitowa
Wato 'yan ba-mulki ma sai sun je wurin firefe neman tambari 😂 To ga wata: in Alhajin unguwa ya ce shi zai ɗauki gyaran famfo gaba ɗaya fisabilillahi, a karɓa ko a ƙi?

Hajiya_Dudu_Marwa
A karɓa, a sa a ajiyar babban gyara, a rubuta a allo kamar na kowa. Amma 500 ɗin wata ba a dainawa, shi ma ya biya tasa. Kuma kada a ba shi makulli.

Ustaz_Mahamat_Kusiri
Hajiya, in ya ce sadaka ce a ɓoye yake so, ba ya son sunansa a allo fa?